Ƙanwata ta gudo da sawun yatsu a wuya, Baba ya ce ta koma. Ina za mu kai ta?

Yayar Auta, Rigasa

Assalamu alaikum jama'a. Ban saba fitar da maganar gidanmu waje ba, amma abin nan ya fi ƙarfina, yau kwana biyu ban runtsa ba.

Ƙanwata ce, autarmu, shekarunta 24. Shekara shida ke nan da aurenta a Zariya, 'ya'yanta biyu, namiji ɗan shekara biyar da mace 'yar shekara biyu, ga cikin wata huɗu. Shekaranjiya da la'asar sai ga ta a ƙofar gidana da goyo, ba jaka, ba waya, silifas ɗin ƙafarta ma wari da wari. Wata maƙwabciyarta ce ta ba ta kuɗin mota, ta hau a Kwangila ta sauka a Kawo, daga nan mai keke ya kawo ta, ni na sallame shi. Da ta yi sallama ban gane muryarta ba, ta dishe kamar mai tsohuwar mura. Sai da na kai mata ruwan wanka ta cire hijabi na ga wuyanta. Sawun yatsu ne, huɗu a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen. Farin idonta na hagu kuwa ya yi jawur kamar an ɗiga masa jini.

Kuɗin adashi ne ya haɗa su. Awara take yi a cikin gida, yaran unguwa na shigowa saye, tana zubin naira 500 kullum. Kwasarta ta zo, ta ce za ta fara awo ta rage kayan haihuwa. Ya ce ta ba shi aro, ta ce na bara ma bai biya ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ya tura ƙofa ya sa sakata, ya buga wayarta da bango, ya danne ta a kan katifa ya shaƙe ta har ta ce ta ga duhu. Da ta farfaɗo ta tarar ta jiƙa zaninta. Yaron yana cikin ɗakin, a raɓe jikin kwaba, yana kallo.

Ba yau aka fara ba. Wannan ne yajinta na uku. Na farko mari ne, tana amarya. Na biyu hannunta ya goce aka kai ta wurin mai ɗori, aka ce wa dangi santsi ne ya kwashe ta a makewayi. Kowane karo iyayensa su zo biko da goro, shi ya durƙusa gaban Baba har da hawaye, Baba ya ce mata aure ibada ne, uwarku ma haƙuri ta yi. Innarmu ce mai tsawatawa, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa shekara uku da suka wuce. Shi ya sa wannan karon ba ta nufi gida ba, ta nufo ni.

Jiya Baba ya kira ni, ya ce kwana uku ya ba ni in mayar da ita ɗakinta, in ba haka ba babu shi babu mu. Baban mijin amininsa ne tun suna samari, sahu ɗaya suke sallah. Sannan uwar mijin ta riƙe yaron, sun aiko cewa in tana son ɗanta ta dawo, in kuma saki take so ta biya sadaki da lefe da duk abin da aka kashe mata tun daga ranar ɗaurin aure. Mai gidana ya tsaya mana, Allah ya saka masa, amma ciki da falo muke, kuma yana jin nauyin Baba.

Ita kanta da safe sai ta ce ko a mafarki ba za ta koma ba, da dare kuma ta zauna tana kukan ɗanta, ta ce gobe za ta tafi. Don Allah waɗanda suka sani, ta ina za mu fara? Asibiti, ko 'yan sanda, ko kotu? Gaskiya ne sai ta biya shi kafin a raba su? Yaron fa, ta yaya za mu karɓo shi? Kuma akwai inda ake ajiye mace irinta idan nan ya gagara?

Sista mai aikin dare

Wa alaikumus salam. Yaya, ki ajiye maganar kotu da ta Baba zuwa gobe, yau asibiti za ku tafi. Ba don takarda kaɗai ba, don ranta.

Mutane suna ɗaukar shaƙewa kamar ta fi mari sauƙi saboda ba a ganin jini. Mu da muke karɓar su mun fi jin tsoronta. Maƙogwaro yana iya kumbura daga ciki bayan awanni, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, numfashi ya toshe. Manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa suna iya samun rauni a ɓoye, daga baya ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Dishewar murya da jan idon nan da kika gani alamu ne cewa matsin ya yi ƙarfi. Fitsarin da ya kuɓuce mata kuwa yana nuna ƙwaƙwalwarta ta rasa iska, wato ta leƙa lahira ta dawo. In ta fara wahalar haɗiya, ko numfashinta yana ƙara, ko ciwon kai mai tsanani, ko jiri, ko baki ya karkace, ko ta ga jini, ko mara ta murɗa, kada ki jira gari ya waye. Cikin ma yana buƙatar a duba shi, a yi hoto.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta nan gaba ya ninka fiye da sau bakwai a kan wadda ake duka ba a shaƙe ba. Wannan ki riƙe shi a ranki duk sanda aka ce miki ai ya tuba.

Inda za ku je: Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama. Akwai a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ita ce ta fi kusa da ku daga Rigasa. Akwai a Gwamna Awan da ke Kakuri, da Gambo Sawaba a Zariya, da asibitin Yakowa a Kafanchan. An fi sanin su da karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, shi ya sa wasu matan aure suke jin kunyar shiga, amma suna karɓar wadda aka ci zarafinta a gidan miji. Ana duba lafiya, akwai masu zama da ita su saurare ta cikin sirri, suna kuma haɗa mutum da lauya ko jami'an walwala, kyauta. Masu karantawa daga Kano, taku ita ce Waraka a asibitin Murtala, Sakkwato kuma Nana Khadija.

Roƙona ɗaya, ta faɗa wa likita gaskiya da bakinta: mijina ne ya shaƙe ni, rana kaza. Abin da aka rubuta a kati shi ne zai yi magana ranar da sawun ya ɓace. Akwai wata da na karɓa sau uku a ɗakin gaggawa, kullum faɗowa ta yi daga kan turmi wajen shanya. Na ja ta gefe, na roƙe ta, ta yi murmushi ta ce Sista ki bar shi kawai. Zuwa na huɗu a kan tabarma aka shigo da ita, cikin wata bakwai ya zube, ita ma da ƙyar. Da danginta suka zo neman rahoto, katinta kaf faɗuwa ce a rubuce. Har yau abin yana ci mini rai.

Ki ɗauki hoton wuyan da idon a hasken rana, kusa da nesa, yadda fuskarta za ta fito, ki maimaita kullum har sati, don launin yana canzawa kuma a baƙar fata ba ya saurin bayyana. Ki tura wa wanda kika yarda da shi ya ajiye, kada ya zama a waya ɗaya. Ki kuma tambaye ta a keɓe ko ya tilasta mata kwanciya bayan dukan, don maganin kariya daga ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi. In ya biyo ta gidanki da tashin hankali, 112 ce lambar gaggawa.

Baban Yara, Funtuwa

Allah ya ba ta lafiya. Ni ba na goyon bayan duka, 'ya'yana mata huɗu, duk wanda ya taɓa mini ɗaya sai mun yi shari'a da shi a gaban Allah. Amma 'yata ki bi a hankali da maganar mahaifinku. Fushin uba ba abin wasa ba ne, kuma kotu da 'yan sanda in suka shiga tsakanin dangi, gyaruwa tana wuya. Ga yara biyu ga ciki, wa zai riƙe su? Ku nemi kawunku ko limamin unguwarsu a zauna, a ja wa yaron nan kunne sosai, a rubuta sharaɗi. Na ga auren da ya fi wannan lalacewa ya gyaru.

Tsohon Magatakarda

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta zama da manya tana da tushe, Alƙur'ani da kansa ya ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, aya ta 35 a Suratun Nisa'i. Amma a duba, an yi zaman nan sau biyu, kuma kowane zama abin da ya biyo bayansa ya fi na baya muni: mari, gocewar ƙashi, yanzu wuya. Wannan Alƙur'anin dai shi ne ya ce kada a riƙe mata don a cutar da su, a Baƙara aya ta 231. Nana A'isha kuma ta ba da shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. In za a zauna a zauna, amma tana nan inda take, ba a ɗakinsa ba.

Malama, na yi shekara sama da ashirin ina rubutu a gaban alƙalai, bari in warware miki inda aka fi cutar matanmu saboda rashin sani. Hanyoyin rabuwa ta kotu ba ɗaya ba ne. Akwai hul'i, shi ne mace ta ce ba ya cutar da ni, ni ce dai ba na son zaman, sai ta fanshi kanta. Akwai kuma saki saboda cutarwa, wanda alƙali yake yankewa idan an tabbatar miji yana cutar da ita, kuma a wannan ba ta biyan ko sisi. Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi kowace faɗaɗa wannan ƙofa. A Muhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Halil, an ce tana da haƙƙin a sake ta saboda cuta ko da shaidu ba su tabbatar cewa cutar ta maimaitu ba. Har ma in ta riga ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar cewa cuta ce ta sa ta biya, ana mayar mata da dukiyarta.

To me ke faruwa a zahiri? Mace ta zo a gajiye, an ɗage zama sau biyu, miji ya ƙi zuwa, ta tsaya gaban alƙali ta ce ranka ya daɗe ni dai a raba mu, ko nawa ne zan biya. Da ta faɗi haka ta mayar da ƙararta hul'i da bakinta. Na sha ajiye biro ina jin kamar in yi magana, ba dama. Don haka tun daga takardar ƙara a rubuta cewa cutarwa take kuka da ita, ta kuma tsaya a kan haka.

Hujja kuwa, ana tabbatar da cuta da shaidu, ana kuma karɓar shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da dangi cewa wane yana dukan matarsa, domin malamai sun san ba a gayyatar mutane kallo in za a rufe ƙofa. Maƙwabciyar da ta ba ta kuɗin mota, mai ɗorin da ya gyara hannun, waɗanda suka zauna a bikon nan biyu suka ji shi yana ba da haƙuri, duk ki rubuta sunayensu tun yanzu. Ki haɗa da rahoton likita da Sista ta faɗa. Maganar a biya shi abin da ya kashe tun ɗaurin aure kuwa barazana ce. Ci da sha da sutura da muhalli wajibinsa ne, ba bashi ya ba ta ba. Kuma ko an rabu yau, iddarta sai ta haihu, ciyar da ita a tsawon cikin nan yana wuyansa.

Sai yaron. A nan al'ada ta daɗe tana danne shari'a. Ana cewa ɗa na uba ne, to haka ne ta fuskar nasaba da ɗaukar nauyi, amma riƙo, wanda ake kira hadana, na uwa ne. A Malikiyya namiji yana hannunta har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, uba kuma yana biyan ci da sutura da magani da karatu. Ko da uwar ta rasa wannan haƙƙi, misali ta auri wani bare, ba wurin uba yake fara komawa ba, wurin kakar wajen uwa yake zuwa, sannan 'yar'uwar uwa. Wato ke da kike wannan tambaya kina gaban kakarsa ta wajen uba a jeri. Riƙe yaro ɗan shekara biyar don a tilasta wa uwarsa komawa ba shi da gurbi, kuma abu ne da za a iya roƙon alƙali ya fara dubawa kafin a gama sauran shari'ar.

Game da Baba, kada ki yi musu da shi a waya. Irin su ba sa jin magana daga 'ya'ya, daga sa'o'insu suke ji. Ki nemi ɗan'uwan mahaifiyarku, ki nuna masa hoton wuyan nan da idonsa, shi ya je. Sau da yawa uba yana cewa a koma ne don a tunaninsa mari ne irin na da.

Wadda ta fita, Kano

Yaya, ni na zauna a irin wannan ɗakin shekara tara, don haka zan yi miki maganar da ba ta asibiti ba ce ba ta kotu ba.

Kukan daren nan da take yi tana cewa za ta koma, kada ki yi mata faɗa. Kada ki ce mata ba ki da zuciya, ko in kika koma babu ruwana. Ni sau biyu ina komawa bayan na fito, kuma abin da ya sa na iya fitowa na uku shi ne yayata ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba. Cewa ta yi, duk sa'ar da kika zo, ko ƙarfe biyun dare ne, ki buga. Ƙanwarki shekara shida ana gaya mata ba ta iya komai ba, ba mai son ta, laifinta ne. In ke ma kika karɓe ragamar kina yanke mata hukunci, wani mai iko ta sake samu. Ki sa ta a gaba a kowace shawara, ki tambaye ta me take so, ko da amsar tana canzawa.

Amma abu ɗaya ki tsaya a kai da ƙarfi: kada ta je Zariya ɗauko yaron ita kaɗai, kada kuma ta yarda da zo mu haɗu mu yi magana mu biyu. Lokacin da mace ta fita shi ne lokacin da irin waɗannan mazan suka fi haɗari, don abin da suke juyawa ya kuɓuce. Nawa da ya ga da gaske nake, kwana uku yana fakewa a bakin layinmu a kan babur. Ki gaya wa maƙwabtanki da yaran gidanki kada a buɗe wa kowa, kada a ce tana nan. In ta samu waya, sabon layi.

Maganar gidan mafaka, gaskiya ba su da yawa a Arewa, kuma wanda ake da shi na ɗan lokaci ne. Jami'an walwala na ma'aikatar mata su ne hanyar shiga, cibiyar da za ku je ma za su iya tura ku. Amma yawancinmu mafakarmu ɗakin 'yar'uwa ce, tabarma a falo. Saboda haka ki yi wa mai gidanki godiya a gabanta da bayanta, kuma ku raba nauyin da sauran dangi tun kafin ya gaji.

Ranar da na fara zuwa wani ofishin 'yan sanda ni kaɗai, da kumburarren leɓe, wanda ke kan kanta ya dube ni ya ce Hajiya wannan ai maganar gida ce, ku je ku sasanta. Na fito ina kuka har na manta takalmina ɗaya a ƙofa. Da na koma tare da wata lauya daga ƙungiyar lauyoyi mata, da takardar asibiti a hannu, kujera aka ba ni. Kada ku je ku kaɗai, kada ku je hannu rabbana.

Ku yi ƙoƙarin fito da takardunta ta hannun maƙwabciyar nan in zai yiwu ba tare da an jefa ta a matsala ba: katin banki, katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara, takardun haihuwa. Kayan ɗaki su jira, da rakiyar hukuma ake kwaso su.

Yaran kuma ki sa musu ido. Babban ɗana yana da shekara shida muka fito, ya koma fitsarin kwance, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. Wata rana na same shi ya shaƙe ƙanwarsa a kan biskit, yana faɗin irin kalmomin ubansa, har da yadda yake karkata kai. A ranar na daina cewa don yara nake zaune. Kada a doke su a kan irin wannan, a rungume su, a gaya musu ba laifinsu ba ne, kuma kada a zagi ubansu a gabansu. Masu ba da shawara a cibiyoyin nan suna ganin yara ma, ku tambaya.

Baba na Funtuwa ya ce wa zai riƙe su. Tambaya ce ta gaskiya, na sha wuyarta. Da injin markaɗe na haya na fara, an kira ni bazawara, an daina gayyata ta wasu bukukuwa. Amma daren farko da na kwanta ban kasa kunne ina jiran ƙarar babur ɗinsa ba, sai da rana ta fito na farka, na yi sallar asuba a makare ina kuka. Tana da sana'a a hannu, ku saya mata waken suya ko mudu biyu ne ta fara, hannunta ya samu abin yi.

Barista, Kaduna

Malam Magatakarda ya gama da ɓangaren aure, ni zan ƙara na laifi, don hanyoyi biyu ne daban kuma ana iya bin su tare. Dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, an sa mata hannu a tarayya a 2015, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, a shekarar kuma ta yi dokar kare yara. A ƙarƙashin VAPP dukan mata laifi ne mai zaman kansa. Masu fakewa da sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wai miji yana da damar ladabtarwa, su sani ko shi bai taɓa halatta mummunan rauni ba.

Abin da ya fi muku amfani yanzu shi ne umarnin kariya. Kotu ce take bayarwa, ta hana shi zuwa inda take, ko kiranta, ko aiko mata da barazana, kuma ana iya ba da na wucin gadi kafin a saurari ɓangarensa. In ya karya, kama shi ake yi. Ba sai an raba auren ake samun sa ba, ba kuma sai ta yarda a ɗaure shi ba. Na faɗi haka ne don mata da yawa suna gudun hukuma saboda ba sa son a ce sun ɗaure uban 'ya'yansu.

Lauya kyauta: ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kaduna, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA da ta daɗe tana tsaya wa mata a kotunan Musulunci. Maganar yaron kuma ku kai ta ma'aikatar jiha mai kula da mata da walwalar jama'a, jami'ansu suna shiga irin wannan. A wurin 'yan sanda ku nemi teburin da ke kula da mata da yara. Saƙon da aka aiko na in tana son ɗanta ta dawo, in a waya ne kada ki goge, in da baki ne ki rubuta wanda ya kawo da ranar. Kada kuma samarin danginku su je ƙwato yaron da ƙarfi, za a juya ƙarar a kanku.

Yayar Auta, Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Baba na Funtuwa, don shawararsa ta kawu ita muka bi. Jiya da safe muka je asibiti. A hanya ta ce in an tambaye ta za ta ce sarƙa ce ta maƙale mata, na yi shiru ban ce komai ba kamar yadda 'yar'uwa ta Kano ta ce. Da muka shiga matar da ta karɓe mu ta rufe ƙofa ta ba ta ruwa, ta ce ba mai jin mu, sai ta faɗi komai, har da abubuwan da ni ma ban sani ba. An duba wuyan, an ba ta magani, an ce mu dawo nan da kwana uku, ko kafin nan in numfashi ya canza. An yi hoton ciki, yana motsi, alhamdulillahi.

Da yamma na je wurin Kawu, ƙanen Innarmu, na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge ya sake kallo, sannan ya ce gobe bayan Juma'a zai shiga Zariya, kuma kada ta motsa daga nan. Wa'adin Baba yau ya cika, bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Ranar Litinin za mu ga lauya. Ƙanwar tawa ta ce ba ta son a kama shi, amma tana son takardar da za ta hana shi zuwa, tana kuma son ɗanta. Maƙwabciyar ta faki ido ta haɗa ta da yaron a waya da daddare, minti biyu. Ya tambaye ta ko wuyanta ya daina ciwo, ya ce kuma Hajiya ta hana shi zuwa islamiyya don kada a sace shi. Barista, in an shigar da maganar yaron ranar Litinin, za a iya roƙon a kawo shi gaban alƙali a zaman farko, ko sai an jira an kira uban tukuna?